Rachida da Shafin Rigunan Yayanta

A Dapaong, idan mutum ya fita ta bayan babbar kasuwa, ya wuce masu albasa da masu gyaran babur, zai tarar da wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofa da benci guda a gabansa. Nan Rachida take aiki. Tana buga wa mutane takardu a kwamfuta, tana yin fotokofi, tana yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa ta intanet, wani lokaci ma takan karanta wa tsofaffi saƙon da 'ya'yansu suka turo da Faransanci. Doguwar mace ce mai ɗan jiki, ba ta da yawan magana.

Ba 'yar garin ba ce. A Zangon Sokodé aka haife ta, a gidan teloli masu ɗinkin manyan riguna, waɗanda kakanninsu suka zo fataucin goro suka zauna. Yayanta Salifu shi ya gaji allura a wurin mahaifinsu, ita kuwa aka sa ta lekol, wato makarantar boko, don an ga tana da kai. Tana gab da jarrabawar gama kwaleji ƙasar ta shiga dogon yajin aikin nan na neman canji, aka rufe makarantu wata da watanni. Kafin a buɗe mahaifinsu ya kwanta ciwo, ita ce mai jinya, kuma da 'yan ajinsu suka koma ita ba ta koma ba. Ta shiga wurin wani mai buga takardu kusa da tasha ta koyi tafireta. Daga baya ta auri Karimu, direban babbar mota mai bin hanyar Lome zuwa Wagadugu, ya kawo ta Dapaong wurin mutanensa. A rikicin zaɓen 2005 Karimu yana Lome. Ya bi ayarin masu gudu ya tsallaka Gana, ya daɗe kafin ya dawo. A wannan zaman jiran ne ta sayar da kayan ɗakinta, ta sayi tsohuwar kwamfuta, ta buɗe shagon da goyo a bayanta. Tun daga lokacin, in ta ji ana maganar maci, wato zanga-zanga, a rediyo, sai ta ƙaro masara a kan wadda ke gida.

A wurin danginta na Sokodé kuwa, Rachida ita ce ofis. Takardar haihuwa ta ɓace, Rachida. Waya ta ƙi buɗewa, Rachida. Ba a tambayar ko ta iya, ko tana da sarari. Don haka ba ta yi mamaki ba da Salifu ya kira ta wata safiya bayan ƙaramar sallah ta 2017, ko gaisuwa bai bari sun gama ba.

"Kin tuna Wahabu na unguwar Komah, wanda muka yi karatun allo tare, da ke Jamus?"

"Na tuna shi, Yaya."

"Ya zo hutu. Ya ce 'yan Sokodé da ke can, in biki ya tashi rasa mai yi musu riga ta kirki suke yi. Ya ce in yi sit. Wai wuri ne a cikin intanet kamar shago, mutum na kwance a ɗakinsa zai ga aikina ya ba da ɗinki."

"To ka nemi mai yi maka a nan Sokodé mana."

"Ga ki, in je neman wani? Ba ke ce da ordinatar, kwamfutar nan, ba?"

Ta so ta ce masa buga takarda daban, gina shafi daban, kamar yadda wankin riga ba ɗinkinta ba ne. Amma ta san halin da yake ciki. Surfanin hannu ya ja baya tun da injin aiki ya cika gari, masu koyon ɗinki a wurinsa sun watse zuwa hayar babur, kuma idonsa ya fara gajiya. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ciniki ba, yau shi ke neman baƙi a ƙasar da bai taɓa zuwa ba. Ta ce, "Bari in gwada."

Haka ta shiga koyo tana da shekara arba'in. Tsakanin mai fotokofi da mai rajista, sai ta sa abin ji a kunne ɗaya ta kalli bidiyon wasu samari masu saurin magana suna nuna yadda ake yi. Rezo, wato layin intanet, ya ja, bidiyon ya tsaya, ta koma baya, ta sake. Ta samu wani wuri da ake ba mutum shiryayyen shafi ya cika da nasa kayan. Shafin ya zo da hotunan Turawa suna shan kofi suna dariya, ta yi ta cire su ɗaya bayan ɗaya. Rannan ta wuni tana jera abubuwa, wuta ta ɗauke kafin ta adana, komai ya tafi. Ba ta yi tsaki ba ma. Ta rufe shago ta tafi ɗora tuwo.

Amma injin bai ba ta wahalar da yayanta ya ba ta ba. Ta tambaye shi sunan da za a sa, ya ce shagon ba shi da suna, kowa ya san gidan teloli. Ta ce a rubuta farashi, ya ce a'a, ai sai ya ga fuskar mutum kafin ya yanka masa kuɗi. Ta ce masa waɗannan ba zai ga fuskarsu ba, ya ce to su kira. Ta nemi adireshi, ya ce ta rubuta bayan masallacin Zango, a wuce mahauta, ƙofar da ke da bishiyar durumi. Ta rubuta hakan da Faransanci, ta karanta, ta ga ba ta da abin da ya fi shi, ta bar shi. Sai hotuna. Ya ari waya ya turo mata wasu, duk duhu, riga a rataye a ƙusa kamar tabarma, ga yatsansa a gefe. Ta gane dole ta je da kanta.

Cikin watan Agusta ta bar yaran wurin uwar mijinta ta hau mota. Mango, Kara, Bafilo, ga ruwa yana sauka, ga jami'ai a kowane shinge. Ta isa Zango da la'asar ranar Juma'a, ƙugunta kamar ba nata ba. Matar Salifu, Amariya, 'yar ƙabilar Tem ce daga wajen Kparatao, mai hannu da baki. Ta tarbe ta da sakwara da miyar gyaɗa, tana ba ta labarin gari cikin Hausarta mai gauraye: gobe akwai maci, samari duk sun sayi jajayen riguna, wannan karon wai da gaske ne. Rachida ta ce, "Allah ya sa," ta ci gaba da cin abincinta.

Washegari da safe, tun rana ba ta yi zafi ba, suka fito da rigunan tsakar gida. Ba wanda zai sa a ɗauke shi, sai Salifu da kansa, da sharaɗin kada fuskarsa ta fito, don ba zai so abokansa su ce ya koma talla ba. Amariya ta riƙe farin zanen gado a bayansa. Ya sa wata shadda ruwan toka mai aska biyu, ya sa wata fara, ya sa kaftani mai aikin wuya. Rachida ta matso ta ɗauki aikin kusa-kusa, har zare ya fito ɗaya-ɗaya. A ranta ta yi mamakin yadda ta girma a cikin wannan aikin amma ba ta taɓa tsayawa ta dube shi haka ba.

Yana sanye da ta ƙarshe, wata shuɗiya mai aska takwas ta wani alhaji, suka fara jin hayaniya daga babban titi, kamar ruwan sama yana tahowa. Sai waƙoƙi, sai ihu, sai wata ƙara mai faɗar da gaba, ta sake, ta sake. Ba a jima ba hayaƙin nan mai sa hawaye ya biyo iska ya shigo gida. Mutane suka fara faɗowa ta zaure, wasu sun sani, wasu ba su taɓa gani ba, har da wata mata da ta yar da takalmi. Amariya ta saki zanen ta ɗebo ruwa da man kaɗanya tana shafa wa mutane a fuska. Salifu kuwa, idonsa na zubar da ruwa, abin da ya fara yi shi ne tuɓe rigar alhajin, ya ninke ta a hankali, ya naɗe ta cikin zani ya kai ɗaki.

Rachida ta jingina da bango ta zauna. Ba tsoro ta fi ji ba. Ta riga ta san abin da zai biyo baya, domin ta gan shi tana budurwa, ta gan shi tana da goyo: shaguna a rufe, hanya a tsare, kowa da kunne a rediyo, abinci ya yi tsada, a yi ta jira. Gajiyar abin da bai riga ya zo ba ta sauko mata a kafaɗa. Da yamma labari ya zo cewa an rasa rayuka. Ta kwana biyu kafin motoci su fara tashi, ta koma Dapaong da hotunan a waya.

Niyyarsu shafin ya fita kafin babbar sallah, amma sallar ta zo ta wuce tana kan rage nauyin hotuna, don rezo ba ya ɗaukar su yadda suke. Ta rubuta ɗan bayani a kan gidan teloli, ta sa lambar wayarta domin ta Salifu ƙaramar waya ce mai maɓalli, ta yi wurin da mutum zai bar saƙo. Sunan ma ita ta raɗa: Rigunan Salifu, Zango, Sokodé. A farkon Satumba komai ya kammala. Ta yi bisimilla ta danna wurin da zai fitar da shi duniya. Wani ɗan da'ira ya fara juyawa a fuskar kwamfutar. Ta jira. Ta kashe ta kunna. Ta leƙa waje ta tambayi mai gyaran babur ko wayarsa na shiga.

"Madam, ba ki ji ba? An yanke rezo. Ƙasar duka."

Ta koma ta zauna. Kwanakin da suka biyo baya sai fotokofi kawai, shi ma jefi-jefi. Masu rajista su zo su tsaya a ƙofa su tambaya, ta girgiza kai, su tafi. Rezo ya dawo, kafin ta gama biyan buƙatar waɗanda suka taru suna jira aka sake yankewa. A wannan karon rikicin ya kai Mango, nan kusa da su, har mutane suka riƙa wucewa ta Dapaong da ƙunshin kaya a ka. Da aka sake buɗewa ba ta tsaya yin wani shiri ba. Da tsakar rana, shago ba kowa, ta danna, shafin ya fita. Ta buɗe shi a wayarta ta ga yana nan. Babu wanda za ta nuna wa. Ta tura wa Wahabu a Jamus, ya amsa cewa ya yi, amma da an ƙara masa launi mai ɗaukar ido. Ta kira Salifu ta ce an gama. Ya ce, "Madalla. Mutum nawa suka saya?"

"Yaya, yanzu fa na buɗe."

"To, in sun zo ki gaya mini."

Babu wanda ya zo. Sati ya bi sati, tana leƙawa da safe, ba saƙo ko ɗaya.

Tsakiyar Oktoba Sokodé ta kama da wuta. Labari ya iso Dapaong gutsi-gutsi: an kama wani malami, gari ya tashi, an ƙona gine-gine, ana bin gida-gida, mutane sun fantsama daji. Ta kira Salifu, waya a kashe. Ta kira Amariya, a kashe. Ta kira maƙwabtansu har ta gaji, wanda ya ɗauka ya ce shi ma ba ya gari, bai san komai ba. Ta ci gaba da buɗe shago, domin zaman gida ya fi muni. Tana buga wa wani malamin makaranta jarrabawar lissafi, tana duba waya, tana komawa.

A cikin waɗannan kwanakin ne saƙo na farko ya shigo shafin. Wani mai suna Issifou, mazaunin Beljiyam, ya ce Wahabu ne ya nuna masa. Ɗaurin aurensa na nan tafe a Disamba, yana son irin shuɗiyar nan mai aska takwas, ko za a iya? Rachida ta karanta ta sake karantawa. Ta fara rubuta masa cewa telan yayanta ne, kuma ba ta san ko yana raye ba. Ta dubi abin da ta rubuta, ta goge. Ta rubuta cewa saƙonsa ya iso, za a ba shi amsa nan gaba kaɗan in Allah ya so. Ta tura, ta fita bayan shago ta wanke fuska.

Sai a ƙarshen satin wata baƙuwar lamba ta kira. Muryar Amariya ce, a dishe.

"Rachida, muna nan. Muna gonar kawuna, gaba da Kparatao. Mun bi ƙafa."

"Alhamdulillahi. Yaya fa?"

"Ya faɗa rami a hanya, gwiwa ta kumbura. Tabarau ya ɓace. Ba ya cin abinci, ba ya magana. Ni ban san yadda zan yi da shi ba."

Karimu a lokacin yana hanyar dawowa daga Lome da siminti. Rachida ta kira shi ta ce, "Baban yara, sai ka taimaka." Ta wuni tana haɗa waya tsakanin miji da baƙuwar lambar, har aka shirya wani mai babur ya fito da su ta hanyar gona zuwa bakin titi, nesa da gari, inda Karimu zai tsaya kamar yana duba taya. Washegari da rana motar ta tsaya a ƙofar gida. Amariya ta sauko da wani babban ƙunshi a ka. Rigunan mutane ne. Da shi ta yi duk wannan tafiyar, ta bar nata kayan. Sai da Karimu ya tallafi Salifu kafin ya iya saukowa. Rachida ta ga yadda yayanta ya tsufa cikin wata biyu, ta kau da kai ta ce a shigo, ruwan wanka na nan.

Gidan ɗaki biyu ne da falo. Aka mayar da yaran falo, aka ba baƙi ɗakinsu. Bakin da take ciyarwa ya ƙaru, ciniki bai ƙaru ba. Daga baya wani maƙwabci ya kira ya ce an ɓalla ƙofar shagon na Zango, kekunan ɗinki biyu ba su nan, ba wanda ya ga waɗanda suka yi. Salifu ya saurara, ya ce, "To," ya miƙa wayar. Ya koma wuni a kan tabarma a gindin mangwaro, ƙafa a miƙe, carbi a hannu, ba ya ko jan sa.

Rachida ta bar shi har gwiwar ta sace. Sannan ta kai shi aka gwada idonsa aka yi masa sabon tabarau, kuma a hanyar dawowa, maimakon gida, ta ce wa mai babur ya sauke su a shago. Ta zaunar da shi a kujerarta ta buɗe shafin. Bai taɓa ganinsa ba.

Ya matso da fuska. Ya daɗe yana kallo. Ta nuna masa yadda ake gangarawa, ya ƙi taɓawa, ya ce ita ta yi.

"Wannan ni ne?"

"Kai ne, Yaya. Kai ka ce a cire kai."

Wani ɗan sauti ya fito masa ta hanci, wanda da a wani lokaci ne da dariya ce. Da suka zo kan hoton aikin da ta ɗauka kusa-kusa ya ce ta tsaya. Ya sa yatsa kusa da gilashin yana bin zaren. A ƙasan shafin akwai hoton ƙofar shagon, da durumin, da kwatancen hanya.

"In cire wannan?" in ji ta. "Zan iya sa na nan Dapaong kafin abubuwa su lafa."

"Bar shi. Can ne shagona."

Sai ta karanta masa saƙon Issifou. Ya ce ba shi da keke, ba shi da zare, kuma ba ya ɗinka wa mutumin da bai gani ba. Ta ce keke za a ara, zare akwai a kasuwa, mutum kuma za a gan shi yanzu. Ta kira Beljiyam ta bidiyo. Wani ƙaƙƙarfan mutum ya fito cikin rigar sanyi, ya rusuna ya gaishe da Salifu da harshen Tem, sannan ya juya Hausa. Maganar riga ba ta ɗauki lokaci ba: ya miƙe tsaye, ya juya, ya faɗi awon da aka yi masa. Sauran duk tambaya ce. Yaya gari, yaya Komah, wane yana nan, gidan wane ya tsira? A ƙarshe ya ambaci sunan mahaifiyarsa, ya kwatanta gidansu, ya ce tun ranar bai same ta a waya ba.

Salifu ya ce, "Na san gidan. Amma wallahi ban san halin da suke ciki ba. Mu ma da ƙafa muka fita."

Can Issifou ya ce, "To, Baba, a yi rigar dai."

Wani tela ɗan ƙabilar Moba da ke layin ya ba su aron kekensa da rana tsaka, lokacin da yake tafiya cin abinci. Nan aka yanka aka haɗa. Surfanin kuwa a kan bencin gaban shagon Rachida aka yi shi. Kullum da safe su fito tare, ita ta shiga ciki, shi ya baje shaddar a cinya. Masu jiran fotokofi sukan tsaya kallo, wasu har su manta abin da ya kawo su. Hannunsa ya yi nauyi, sabon tabarau kuma bai zauna masa ba, yakan warware abin da ya yi jiya. Amma ya fara cin abinci, ya fara faɗa da Amariya a kan gishirin miya, kuma da Issifou ya aiko cewa an samu mahaifiyarsa lafiya a wani ƙauye cikin Gana, shi ya fi kowa yawan hamdala.

Rigar ba ta isa a kan lokaci ba. Ba a samu mabugi a kusa ba sai da aka nema, sannan matafiyin da zai tafi da ita daga Lome ya ɗaga tafiyarsa. Aka ɗaura auren Issifou cikin wata riga ta aro. Rachida ce ta rubuta ban haƙurin, ta kuma karɓi amsar. Mutumin bai yi fushi ba. Da rigar ta isa, ya sa ta ranar wata Juma'a ya turo hoto a ƙofar masallaci, da jaket a kafaɗa saboda sanyi. Salifu tela ne, ya saba makara kamar kowane tela, amma wannan ta tsaya masa a rai, ya yi kwanaki yana lissafa inda aka yi jinkiri da wanda ya jawo.

Bayan sabuwar shekara, da gari ya ɗan lafa, suka koma Sokodé. Ya gyara ƙofa, ya samu tsohon keke guda a wurin wani ɗan'uwa. Rachida ta ba Amariya tsohuwar wayarta mai kamara, ta koya mata tsayawa da rana a bayanta in za ta ɗauki hoton riga. Canjin da aka yi macin dominsa bai zo a wannan shekarar ba. Aka shiga zaman tattaunawa, aka fita, aka sake shiga, har mutane suka daina bin labarin.

Shafin yana nan. Bai sa Salifu ya yi arziki ba, bai kuma zama banza ba. Ɗinki yakan shigo daga Jamus ko Beljiyam, wani lokaci daga Gabon, yawanci gab da sallah, ya isa ya riƙe shagon a buɗe. Galibin saƙonnin masu tambayar farashi ne, a ba su amsa su ɓace. Kowane ɗaya wayar Rachida yake faɗowa. Ita za ta karanta, ta kira Sokodé, ta saurari yayanta yana cewa shaddar da mutumin ya zaɓa ba ta da kyau, ta mayar da maganar cikin ladabi da Faransanci, ta nemi matafiyi, ta bi sawun kaya har su isa. Salifu in yana ba da labari a majalisa yakan ce, "Sit ɗina," kuma har yau bai san yadda ake buɗe shi ba.

Wata ranar kasuwa da la'asar wata mata mai suna Zénabou, mai sayar da man kaɗanya da sabulu, ta shigo shagon tana goge hannu da gefen zani. Ta ce ta ji labari Madam tana yin shago a cikin intanet, ita ma tana so, don an ce Turawa na neman mai.

Rachida ta dube ta. Ta janyo mata kujera.

"Zauna, 'yar'uwa. Kina da wanda zai riƙa amsa saƙo kullum?"

"Ai na ɗauka ke za ki riƙa amsawa."

Rachida ta buɗe baki za ta yi magana, sai fanka ta tsaya, fuskar kwamfutar ta yi baƙi. An ɗauke wuta. Zafi ya taso nan da nan, suka fito suka zauna a benci. Zénabou ta kwance bakin zaninta ta fito da dafaffiyar gyaɗa, ta zuba mata a tafi. Suka yi ta ɓarewa suna kallon masu albasa suna ɗaure buhuna, matar tana ba ta labarin yadda kaɗanya ta yi ƙaranci bana, Rachida tana gyaɗa kai, idonta na lumshewa.